Goron da Sa'a Ta Ci

Damagaram, farkon Yuni

Zuwa ga taubashina kuma bawana Habu, malamin asibitin Garin Ari,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da kai da marasa lafiyar da Allah ya jarraba da allurarka. Na ji Gwaggo a waya ran Juma'a, ta ce ƙafar ta yi sauƙi. Ɗanta kuwa, wato kai, na kira har na gaji, wai sai ka hau tudu kake samun rezon waya. Shi ya sa na ba direban motar kasuwa wannan takarda.

Aike zan yi maka. Ka san ƙungiyarmu ta ɗaliban jami'a mai taimakon 'yan makaranta, Yayyen Lakwal. Kowane ɗalibi yana ɗaukar yaro guda daga firamare, ya zauna da shi da yamma sau biyu a mako, ya duba masa karatu, ya san iyayensa. Ba a biyan kowa. Wadda aka ba ni bana sunanta Tani, shekarunta goma sha biyu, tana ajin ƙarshe. Iyayenta mutanen garin da kake aiki ne, Malam Ɗanƙarami da matarsa Maryama. Cin rani suke zuwa. Shi yana buga tubali, ita tana yi wa mutane wankau, suna zama a rumfa cikin wani kango bayan unguwar Birni. Kowace shekara yarinyar tana shiga lakwal bayan an gama girbi, ta bari da saukar ruwa. Duk da haka ita ce ta biyu a ajinsu.

Tun watan jiya na hango inda abin zai lalace. Jarrabawar fita firamare sai ƙarshen Yuni, manomi kuwa ba zai zauna a birni gonarsa na jiƙe ba. Na ce wa Maryama in tafiya ta kama su kafin lokacin, su bar Tani wurina. Ran Litinin aka ce an yi ruwan shuka a wajenku. Talata na dawo daga aji na tarar da Tani a ƙofar site, gidan kwanan ɗalibai, tana zaune kan naɗaɗɗiyar tabarmarta, ga kwanonta ga ƙullin gero. Iyayen sun tafi tun da safe.

Doka ta hana baƙo kwana a site. 'Yan ɗakinmu sun rufa mini asiri. Tana shigowa a tsakiyarmu da mayafi, ta kwanta a gadona ta wajen bango, ta fita kafin mai gadi ya gama shayinsa. Na ɗan lokaci ne, za mu iya.

To ka je ka gaya wa Malam Ɗanƙarami ɗiyarsa tana lafiya. Ranar kasuwar da ta biyo bayan jarrabawa zan sa ta a mota, ya tare ta a tasha.

Sai labarin da zai ƙona maka rai. An ɗauke ni horon aikin ruwa a Yamai, wata tara, daga Oktoba. Wanda ya gama shi ake turawa ya auna inda za a haƙa rijiyoyin foraj, wato burtsatse. Wannan ne karo na biyu da na nema, kuma ni kaɗai ce mace daga nan. Ka fara koyon durƙusawa.

Ka gaida Gwaggo in ka je gida. Wassalam.

Uwargijiyarka,
Sa'a

*

Garin Ari, tsakiyar Yuni

Zuwa ga Sa'a mai auna ruwan ƙarƙashin ƙasa,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, sai zazzaɓin damina da ya fara cika mini rumfa. Barka da Yamai. Allah ya sa ki haƙo ruwa, ba kunama ba.

Na je aikenki, amma ban isar da shi ba. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

A gona na same su, shi yana sara da sungumi, Maryama na binsa da iri. Na ce Sa'a ce ta aiko ni. Ya ajiye sungumin ya ce, "Uwar Tani? Lafiyarta dai?" Na ce wace uwar Tani, ga uwar Tani nan da ƙwaryar iri. Maryama ta sunkuyar da kai, ta kira ni yadda suke kiran malamin asibiti a nan, ta ce, "Majo, ai yanzu ni ba ni da ɗiya sai ƙananan." Sai na haɗiye saƙon, na ce gaisuwa ce kawai.

Da yamma na koma gidansa, ya ba ni labari. Ya ce kafin su taso ya kira ki rumfarsu. Akwai Malam Yunusa mai ja musu salla a can, akwai wansa Sule. Aka yi fatiha, aka fasa goro, kika karɓa da hannu biyu kika ci. Ya kama hannun Tani ya sa cikin naki. An yi haka ko ba a yi ba?

In an yi, to Sa'a, ba ajiya aka ba ki ba, riƙo aka ba ki. Garin nan kaf ya sani. Mata sun shiga sun yi wa Maryama barka, ɗiyarta ta faɗa hannun mai karatu. Har an raba ayyukanta, ƙanwarta ce ke kiwon akuya yanzu.

Kin san yadda abin yake, ke ma ba daga sama kika faɗo ba. Yaron riƙo ba a mayar da shi haka nan. In aka ga an sauke shi a tasha da tabarmarsa, ba wanda zai tambayi dalili, don kowa ya riga ya sani: ko ya yi sata, ko ya yi abin da ba a faɗa. Akwai wata Ummulkhairi a nan da aka dawo da ita daga Mirriya shekarun baya. Ta rantse ba ta yi komai ba, kuma ni na yarda da ita. Har yau in ta shiga gida, mata sai su jawo kwanukansu kusa. Tana zuwa wurina awo ita kaɗai, ba mai zama gefenta.

Da zan yi miki dariya, na ce kin haihu ba a kira ni suna ba. Amma na kasa. Ki gaya mini abin da zan yi.

Ina gaida 'yan ɗakinku masu ɓoyon mutane. Allah ya ba yarinya sa'ar jarrabawa.

Bawan da ya fi uwargijiyarsa hankali,
Habu

*

Birni, ƙarshen Yuli

Habu,

Salamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki. Ka yafe jinkirin amsa, abubuwa ne suka taru.

An yi haka. Duk yadda ya faɗa maka, haka aka yi. Na ga dattawan, na ci goron, na ce amin. Na ɗauka godiya ce ake yi mini, hankalina yana kan ajin da zan makara. Na san riƙo, na ga an yi a ƙauyenmu. Abin da bai taɓa zuwa mini ba shi ne a ba ɗalibar da ko gadon da take kwana ba nata ba ne.

Gadon ma babu shi yanzu. Wata Asabar muna laburare, Tani ta ga ba ta da abin yi, ta kwashe kayan 'yan ɗakin duka ta wanke, ta shanya a tsakar site da rana tsaka. Mai kula da gidan ta same ta tana matse zane, ta ce, "Ke ɗiyar wa?" Ta ce, "Ta Inna Sa'a." Da na dawo aka kira ni ofis. Ba a yi mini tsawa ba, an karanta mini doka, aka ce in kwashe kayana. Ɗaya daga cikin 'yan ɗakinmu ta kai mu wurin kakarta, Iya Jummai, a wani lungu na Birni da mashin ba ya shiga saboda rairayi. Ta ba mu ɗakin da take ajiye tukwane. Idonta ya kusa mutuwa, mu ke ɗebo mata ruwa.

Na je wurin Alkasum, shugaban ƙungiyarmu. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Sa'a, tun ranar farko mun faɗa, rakiya muke yi wa yaran nan, ba ma ɗaukar su gida." Na ce na sani, amma an riga an ɗauka. Ya ce zai kawo maganar a taro. A taron aka yanke shawara daga yanzu ba mai zuwa gidan iyaye shi kaɗai. Shawara ce mai kyau ga waɗanda za su zo baya.

Tani ta ci jarrabawa, an ba ta kwalej a nan Damagaram. Ranar da sakamako ya fito na ga tana murna, na ce bari in gwada. Na ce, "Tani, ba ki marmarin gida? Ga damina, ga su Maryama na ta aiki." Ta bar tsintsiyar da ke hannunta ta ce, "Me na yi?" Na ce ba ki yi komai ba. Ta ce, "In wankin nan ne, wallahi ba zan ƙara ba." Na ce ba wanki ba ne. Ta ce, "To mene ne?" Ranar ba ta ci tuwo ba, ta share tsakar gidan Iya har sau biyu.

Na ce mata ta daina kirana Inna, ta ce mini Yaya kamar sauran yaran ƙungiya. Ta ce to. Yanzu ba ta kirana da komai, sai ta zo ta tsaya har in ɗago kai.

Ga abin da na yi tunani. In ni na mayar, an ɓata ta. In uban ne ya aiko yana neman ɗiyarsa, ba wanda zai ce uffan. Ka same shi ku biyu, ka faɗa masa komai: ba ni da ɗaki, kuma Oktoba ina Yamai. Ya ce uwar ba ta da lafiya, ko aiki ya yi yawa, duk abin da ya ga dama. Daga baya a nemi wanda zai riƙe ta a garin Damagaram Takaya, can wajensu, ta yi kwalej a can.

Ina jira. Allah ya bar zumunci.

Sa'a

*

Garin Ari, Agusta

Daga Ɗanƙarami ɗan Ari zuwa ga Malama Sa'adatu, uwar ɗiyata Tani. Majo Habu ne ya rubuta da bakina.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da wadda ke hannunki, da tsohuwar da ta ba ku masauki. Mu nan lafiya, gero ya fara ciki, mun gode Allah. Labarin cin jarrabawa ya iso mu. Allah ya saka miki, ya sa ki ga naki.

Majo ya faɗa mini abin da kika ce, kuma na ji da kunnena biyu. Malama, ban ba ki Tani don na gaji da ita ba. Duk cikin 'ya'yana ita ce mai taimakon uwarta. Na ba ki ne don na ga kina zuwa rumfarmu cikin rana kina zama a ƙasa, ba wanda ya aiko ki. Na shekara da shekaru ina buga tubali a garin nan, ban ga wanda ya tambayi sunan ɗana ba sai ke.

Amma abin da kika nema ba zan iya ba. Na bayar gaban Malam Yunusa da wana, an shafa fatiha. In na aika a karɓo ta kafin ta shekara, na zama mai bayarwa ya ƙwace. Ba wanda zai ƙara karɓar ɗana, ba wanda zai ƙara sa ni shaida. In kuma na ce uwarta ce ba lafiya, ga uwarta nan kowa yana ganinta a gona. A Damagaram Takaya ba ni da kowa.

In ta yi laifi ki hore ta, ba zan tambaya ba. In za ki Yamai ki tafi da ita, ko inda ya fi Yamai nisa. Abu guda nake roƙo, kar ki miƙa ta hannun wani. Ke na sani, ke na ba.

In an yi girbi zan aiko da gero da gyaɗa. Uwar ƙannenta tana gaishe ki. Wassalam.

Sa'a, ni ne Habu, daga nan nawa ne. Na rubuta yadda ya faɗa, ban rage ba. Kar ki ɗauka bai gane ba. Ya gane sarai, har gumi yake yi yana magana. Da na fito, Maryama ta biyo ni bayan danga kamar za ta tambayi magani. Ta ce, "Majo, ta yi ƙiba ko ta rame?" Na ce ban gan ta ba. Ta ce, "Ba ta son kuka a miya, amma ba za ta faɗa ba." Na ce kina so ta dawo? Ta waiga ta dubi gidan ta ce, "Ni wa?" Ta koma ciki.

Ni dai shawarata, ki tafi Yamai. Ki bar ta wurin Iyar nan, wata tara ba shekara tara ba ne. Uban zai ji haushi, zai huce. Ke kika yi karatun nan, ba Garin Ari ba.

*

Birni, tsakiyar Satumba

Habu,

Salamu alaikum. Ina fata ruwa bai yanke muku hanya ba. Takardarku ta iso.

Na bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Na fara da taka. Iya Jummai ta ce, "Ɗiyata, ni da ba na ganin tafin hannuna? In zazzaɓi ya kama ta wa zai kai ta likita? Kuma uban bai ce ba. Ba na riƙe riƙon wani a bayan idonsa." Na kira Inna a gida. Ta ce in kawo ta mana, ta ci abin da suke ci. Amma ka san ƙauyenmu, daga can zuwa kwalej ɗin Droum ba tafiyar yarinya ba ce, kuma shi ma hannun wani ne. Na rubuta wa masu horon na tambaya ko zan iya zuwa da yarinya. Sun amsa da ladabi: ɗakunan na ɗalibai ne, kuma rabin lokacin a daji za a yi shi tare da masu haƙa. Na tambaya ko za a ajiye mini wurin zuwa baɗi. Sun ce ba a ajiyewa, akwai masu jira. Suna son amsata kafin wata ya ƙare.

Duk wannan a soro nake yin wayar, ina rage murya. Ashe a banza.

Shekaranjiya Iya ta laluba ba ta ji butar tagullarta ba, wadda ta gada wurin uwarta, da ita take alwala. Muka duba ko'ina. Na shiga ɗakinmu, sai ga Tani zaune ta naɗe kayanta ta ɗaure, bakin butar ya leƙo daga cikin ƙullin. Ko ɓoyewa ba ta yi ba. Na ce, "Mene ne wannan?" Ta ce, "Na sata." Na ce, "Ki yi me da ita?" Ta ce, "Na sata dai. Ki kira Iya ta shaida." Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Yanzu kina da dalili. Ba wanda zai ce ke ce kika ƙi ni. Ki sa ni a mota ran kasuwa, ki tafi makarantarki."

Na ce, "Kin san abin da za a riƙa ce miki a garinku?" Ta ce, "Na san Ummulkhairi. Gidansu na bayan namu."

Iya tana tsaye a bakin ƙofa tana ji. Ta miƙo hannu ta ce, "Ke ja'ira, ba ni butata, la'asar tana wucewa. Ɓarawon da ke kiran shaida ban taɓa gani ba." Ta karɓa ta tafi abinta. Da ta idar ta kira ni ta ce maganar nan ba za ta fita daga bakinta ba, sai in ni nake so ta fita.

Habu, abin da ba zan faɗa wa kowa ba sai kai: na tsaya na yi tunani. Ba daɗewa, amma na yi. Na ga motar, na ga kaina a Yamai. Yarinyar tana kallona, kuma na san ta ga ina tunanin.

Kar Malam Ɗanƙarami ya ji, kar Maryama ta ji. Ka yi mini addu'a, in kana yi.

Sa'a

*

Birni, Oktoba

Habu,

Salamu alaikum. Gero da gyaɗa sun iso, ka yi masa godiya.

Na rubuta wa Yamai. An ba wani wurin, wani yaro daga Maraɗi. Kar ka yi mini jaje, kar kuma ka yabe ni, ba zan iya ɗaukar ko ɗaya ba.

Tani ta fara kwalej. Tun da ta ji ban tafi ba, ba ta haɗa ido da ni. Tana ci kaɗan, tana aiki da yawa, in na yi mata magana sai ta miƙe tsaye. Na ce mata ba laifinta ba ne. Ta ce to.

Ka gaya wa Maryama in sun zo cin rani, gidan yana lungu na biyu bayan masu dukanci, ta tambayi Iya Jummai. Ta zo da rana, lokacin da ba na nan, su samu su yi magana.

Da safe nakan raka ta har ƙofar kwalej. Ta shiga, a rufe ƙofar, ni kuma in ɗan tsaya a wurin kafin in san inda zan nufa.

Ka gaida Gwaggo. Wassalam.

Sa'a